Hanjin faranti da abin da ake renon sa a ciki

Jama'a, ina ganin ana ta yaɗa hotunan 'yan ƙananan gaɓoɓin nan da masana ke reno a ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda suke kira oganoyid. Ni ma wallahi abin yana burge ni. A 2009 Toshiro Sato da Hans Clevers, a birnin Utrecht na ƙasar Holand, suka ɗauko ƙwayar halitta ta asali, wato wadda sauran ƙwayoyin hanji ke fitowa daga gare ta, guda ɗaya tak daga hanjin ɓera, suka ciyar da ita da furotin uku, EGF da Noggin da R-spondin. Sai ga ta tana rarrabuwa har ta zama ɗan mitsitsin hanji mai lunguna irin na gaske. A 2013 kuma aka yi na ƙwaƙwalwa a Vienna, girmansa bai fi ƙwayar dawa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ake dasa su a ciki. Sunansa Matrigel, kuma daga wani ƙari na ciwon daji da ake reno a jikin ɓeraye ake tatso shi. Halinsa akasin na man shanu ne: a kan ƙanƙara ruwa ne, da ɗumi ya taɓa shi sai ya daskare. Har bututun da za a ɗebe shi da shi sai an sanyaya. Furotin ɗin da ke cikinsa ɗaruruwa ne, kuma na wannan kwalbar ba lallai ya yi daidai da na waccan ba.

To idan magani ya yi aiki a kan oganoyid yau, gobe ya ƙi, laifin maganin ne ko na kwalbar? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin a Holand ana gwada magani a kan oganoyid na masu cutar sistik faibrosis, cutar gado da ke sa majina mai kauri ta toshe huhu, don a ga ko zai amfane su. Amurka ma a ƙarshen 2022 ta sassauta dokar da ta wajabta gwada sabon magani a kan dabbobi, don haka ana iya ƙara dogaro da gwaji irin wannan.

A 2016 masana a Lausanne ta Suwizalan sun nuna ana iya renon hanjin a cikin wani haɗi na roba da aka san duk abin da ke cikinsa. A ganina can ya kamata kuɗin bincike su nufa. Mai bincike a jami'o'inmu da zai sayo Matrigel da dala, ya kuma adana shi a firiza alhali wuta na ɗaukewa, shi ya fi kowa buƙatar wannan haɗin.