Badalar Kano Ba Aikin Sarki Ɗaya Ba Ce

Da yawa idan suka zo yawo cikin birnin Kano, suka tsaya a Ƙofar Na'isa ko Ƙofar Mata, sai ka ji suna cewa ai Sarki Muhammadu Rumfa ne ya gina badala. Ba haka abin yake ba. Tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka fara aikin, aka kewaye mazaunan gindin Dala. Rumfa bai hau gado ba sai 1463, sama da shekara ɗari uku bayan haka. Abin da ya yi shi ne faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. A ƙarni na 17 kuma, zamanin Muhammadu Nazaki, aka sake ƙara ta.

Sunan Rumfa ne ya yi ƙarfi, shi ya sa komai ake jingina masa.

In kana son ka gani da idonka, ajiye mota ka taka da ƙafa. Nemi inda ruwan damina ya zaizaye jikin ganuwar, za ka ga tubali a jere, mulmulallu masu tsinin kai, an ɗaura su da laka. Wasu ƙofofin da ke tsaye yanzu kam an sake su da siminti, don haka kada tsaftarsu ta ruɗe ka. Ka hau Dutsen Dala da yamma, daga can za ka ga girman filin da aka kewaye, wanda a da har gonaki ke cikinsa, saboda in abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya a samu abin ci.