Tsoron da ya ari rigar kunya

Ƙannena maza da mata, bari in fara da tonon asirin kaina, domin bai kamata mai yin nasiha a kan tsoro ya shigo yana buga ƙirji ba.

Akwai shekarar da na karɓi atamfofi bashi a hannun wani dattijo a Kantin Kwari, da alkawarin zan biya bayan ƙaramar sallah. Sallah ta zo ta wuce, kaya sun tafi, kuɗin kuma sun maƙale a hannun waɗanda ni ma na ba su bashi. Daga nan na daina bin layin shagonsa. In zan shiga kasuwa sai in yi dogon zagaye cikin rana, don kada in haɗa ido da yaransa. In waya ta yi ƙara na ga sunansa, sai in kife ta a kan tabarma in zuba mata ido har ta gaji ta yi shiru. Wata huɗu ina cikin wannan hali. Abin mamaki, ko sau ɗaya ban taɓa ce wa kaina tsoro nake ji ba. Cewa nake yi kunyarsa nake ji, babba ne, ba zan je masa hannu rabbana ba.

Tsoron kura da na ɗan fashi ba sa ɓuya, kowa ya gan su ya san su. Wanda yake cin mu a zaune shi ne wanda yake zuwa da suna mai daraja. Wani lokaci ya ce sunansa kunya, wani lokaci haƙuri, wani lokaci tawakkali, in ya rasa abin faɗa sai ya ce "ina nan ina shawara". Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni dai na ga lokacin da tsoro ya baro dajin ya shigo har tsakar gida, ya ari rigar kunya ya saka, aka shimfiɗa masa tabarma.

Rarrabe su ba wuya. Kunya ta gaskiya mummunan aiki take hana ka. Wadda ta hana ka sauke haƙƙi, ko neman ilimi, ko neman magani, ko faɗin gaskiyar da ta wajaba a kanka, wannan tsoro ne tsagwaronsa. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Sukan zo su yi tambaya a kan abin da yau budurwa za ta kwana da shi shekara biyu a ciki ba ta tambayi ko yayarta ba.

Kada ka ɗauka faɗuwar gaba alama ce ta lalacewarka. Haka aka gina jikin ɗan Adam. In ya hango haɗari sai zuciya ta ƙara sauri don ta tura jini ga gaɓoɓi, numfashi ya ɗaga, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Shiri ne na gudu ko na faɗa. Matsalar ita ce jikin ba ya bambanta maciji da ofishin shugaban makaranta, duka ƙararrawa ɗaya yake kaɗa musu. Kuma akwai tarko a ciki: duk ranar da ka kauce wa abin da kake tsoro, sai ka ji wani sanyi a ranka, wannan sanyin kuwa shi ne abincin tsoron. Gobe sai ya tashi da ƙiba. A wata na farko layin shagon kawai nake gudu. A wata na huɗu ko sunan kasuwar aka ambata sai cikina ya juya.

An ce faɗuwar gaba asarar namiji, muka ɗauki maganar a karkace, muka koya wa yara maza cewa namiji ba ya jin tsoro. Ku koma Suratu Ɗaha ku karanta a natse. Annabi Musa da ɗan'uwansa Haruna, amincin Allah ya tabbata a gare su, da aka aike su wurin Fir'auna, sun faɗa wa Ubangijinsu ƙarara cewa suna tsoron ya gaggauta cutar da su. Ba a ce musu sun ba da kunya ba. An ce musu kada su ji tsoro, Allah Yana tare da su, Yana ji Yana gani, sannan aka ce su tafi. A ranar karawa da masu sihiri ma, Alƙur'ani ya faɗa cewa Musa ya ji tsoro a ransa, kuma a wannan halin ne aka ce ya jefa abin da ke hannunsa. Shi kansa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wahayi ya fara sauka a kogon Hira, gida ya koma zuciyarsa na bugawa yana cewa a lulluɓe shi. Bai ɓoye wa Nana Khadija ba. Ta kwantar masa da hankali, ta lissafa masa kyawawan halayensa, sannan ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal. To kai wane ne da za ka ce faɗa wa matarka ko amininka cewa kana tsoro zubar da girma ne?

Inda tsoro ya fi yi mana ɓarna a yau, a ganina, shi ne ƙofar ɗakin gwaji. Na sha jin samari suna cewa "ni ba zan je a gano mini wata cuta ba", sai ka ce na'urar asibiti ce take saka cutar. Hawan jini yakan yi shekaru a jikin mutum ba tare da ko ciwon kai ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye a ce iska ce ta buge shi, alhali awon ba ya cin minti biyar a kowane kemis na kirki. Ciwon hanta nau'in B haka yake zama shiru, kuma akwai allurar rigakafinsa ga wanda bai kamu ba, akwai maganin da ke danne shi ga wanda likita ya ga yana buƙata. Tarin da ya wuce mako biyu, a je a duba majina. In tarin fuka ne, maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ana sha ana warkewa. Amma mutum ya gwammace ya yi ta shan jiƙe-jiƙe a ɓoye, yana tari a ɗaki ɗaya da 'ya'yansa, don kada unguwa ta ji.

Sai maganar gwajin jini kafin aure, wadda ita ce ta fi ɗaci. In saurayi AS ne budurwa ma AS ce, wato kowannensu na ɗauke da ƙwayar gadon sikila a jininsa ba tare da yana ciwon ba, kowane ciki da za ta ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Ku lura da kyau, kowane ciki ne, lissafin sabo yake komawa duk haihuwa, ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da wannan cuta. Jihar Kano ta kafa doka a 2024 da ta wajabta gwaji kafin ɗaura aure, wanda ya haɗa da na ƙwayar gadon sikila da ƙanjamau da ciwon hanta. Doka ta yi nata, amma ba za ta shiga zuciyar masoya ba. Abin da nake gani shi ne a ƙi zuwa gwajin sai an kai lefe, an sa rana, an buga kati, lokacin da janyewa ta zama abin kunyar dangi biyu. Daga nan sai a fara cewa "mun bar wa Allah". Wanda ya tambayi Manzon Allah ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta tukuna sannan ya yi tawakkalin. Ƙanwata, ki nemi a yi gwajin tun magana ba ta je gaban manya ba. Kukan da za ki yi na wata guda in sakamakon bai dace ba, ki auna shi da kukan uwar da ke zaune a bakin gadon asibiti da tsakar dare, ɗanta na murƙususu saboda ciwon ƙashi, ba abin da za ta iya yi masa sai shafa kai.

Sauran ƙananan tsoratan kun san su. Ɗalibin da bai gane darasi ba amma ya gyaɗa kai don kada aji ya yi masa dariya, ya manta matambayi ba ya ɓata. Mai digirin da ya shekara biyar a majalisar mai shayi saboda ba zai iya bari 'yan ajinsu su gan shi a teburin POS ko a shagon gyaran waya ba. Shi ma ba ya ce tsoro yake ji, cewa yake yi aikin bai kai matsayinsa ba. Su kuwa mutanen da yake gudun bakinsu, kowa na can yana fama da cefanen gidansa. In sun yi maganarka kwana uku, rana ta huɗu wani sabon zance ya fito.

Akan fake da karin maganar nan ta da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gaskiya ce a wurinta, amma ban taɓa ganin gwanin rawar da bai fara da muguwa ba.

Sai dai in ja muku kunne, don kada wani ya ji wannan ya tafi neman jarumta a inda ba ta. Akwai masu sayen ƙarfin zuciya a kwalba da ƙwaya. Yaro ba zai iya tsayawa gaban budurwa ko gaban taro ba sai ya haɗiyi tiramol ko ya kurɓi kodin, har abin ya kai gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Wannan aron zuciya ne, kuma mai ita yana zuwa karɓar abarsa da riba mai tsanani: da ƙwayar ta sake shi, tsoron na nan inda ya bar shi, ga kuma sabon ubangida. Haka ɗan daba mai zare wuƙa don an taka shi, da mai tsere da babur a kan titi ranar ɗaurin aure. Ku bincika da kyau, yawancinsu tsoron a kira su ragwaye ne yake tuƙa su. Hadisi ya ce mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi, ba mai kayar da maza a kokawa ba. Kuma ba kowane tsoro ake yaƙa ba. In an ce hanya ba lafiya bayan magariba, ka kwana inda kake, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Ga abin da ya yi mini aiki. Na farko ka kira abin da sunansa, ko a takarda ne: ina tsoron zuwa wurin wane saboda kaza. Da ka rubuta za ka ga ya ragu, domin dodo a duhu ya fi girma. Sannan ka tambayi kanka, in abin ya ɓaci iyakar ɓaci, me zai faru? Sau da yawa amsar ba ta wuce a yi maka faɗa, ko a ce a'a, ko a yi dariya. Ka gutsura shi ƙanana. In ba za ka iya magana a taron unguwa ba, fara da yin tambaya ɗaya a gaban mutum biyar, gobe goma. Ka sa wa abin rana da lokaci, ka faɗa wa mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, in da hali ya raka ka. Kada ka jira sai gabanka ya daina faɗuwa, ba zai daina ba sai ka shiga. Wanda kuwa nasa ya kai ga hana shi barci da cin abinci da fita cikin mutane tsawon makonni, ko yana jin kamar numfashinsa zai ɗauke ba dalili, ya ga likita. Ciwo ne da ake magani, ba raunin imani ba ne.

Ka kuma riƙe addu'ar nan da Anas ya ruwaito Manzon Allah yana yawan yi, ta neman tsari daga baƙin ciki da damuwa, da gajiyawa da kasala, da tsoro da rowa, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Na daɗe ina mamakin yadda aka jera tsoro kusa da rowa, sai daga baya na gane ɗaya na riƙe dukiyarsa ne, ɗayan na riƙe kansa. Da na iso kan nauyin bashi kuwa, sai na ji kamar da ni ake.

Wata Asabar bayan azahar na roƙi wani abokina ya raka ni wurin dattijon nan da yake bi na bashi. Ina tafe ƙafafuna kamar ba nawa ba, duk jawabin da na kwana ina haddacewa ya gudu tun daga bakin layi. Na durƙusa na gaishe da dattijon, na ce, "Baba, kuɗinka ba su samu ba, kuma ni ne nake ƙin ɗaukar wayarka." Ya daɗe yana kallona, ya yi mini faɗa sosai a gaban yaransa, har da cewa ya ɗauka mutuwa na yi ba a sanar da shi ba. Da ya huce sai ya jawo littafinsa, ya tambaye ni nawa zan iya kawowa duk Juma'a. Na faɗa, ya rubuta. Abokina ya duba agogo da muka fito, duka zaman bai kai minti ashirin ba.