Shirwar da ke kan jujinmu ita ce ke shiga injin jirgi

'Yan uwa Katsinawa, akwai maganar da ba kasafai ake yin ta a majalisa ba, alhali ta shafi duk wanda ya taɓa raka maniyyaci filin jirgin sama na Umaru Musa Yar'adua, ko ya hau jirgi zuwa Abuja. Maganar tsuntsaye ce da jiragen sama.

Na san wani zai ce tsuntsu nawa yake da zai kayar da ƙarfen da ke ɗaukar ɗaruruwan mutane? To, maganar gudun jirgin ce. Jirgi idan zai tashi yakan haura kilomita 250 a awa, kuma injinsa zuƙar iska yake da ƙarfin gaske, duk abin da ya gifta ta gabansa ciki zai faɗa. Shirwar da ba ta kai kilo guda ba tana iya lanƙwasa fukafukan da ke juyawa a bakin injin. Idan garke ne ya shiga injina biyu a lokaci ɗaya, sai dai addu'a. Kuma yawancin irin wannan karo a kusa da ƙasa yake faruwa, wajen tashi ko sauka, lokacin da matuƙi ba shi da sararin da zai yi wata dabara.

A watan Janairun 2009 wani jirgi ya tashi daga birnin New York na Amurka, ya ci karo da garken dinya, injinansa biyu suka mutu. Matuƙin, Chesley Sullenberger, ya sauke shi a kogin Hudson, Allah ya kuɓutar da mutum 155 ɗin da ke ciki. Wannan labarin kowa ya ji. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Bahir Dar a ƙasar Habasha, cikin Satumban 1988. Hasbiya ce, irin wadda muke gani a kan rufin makarantu da rumbuna, garkenta ya shiga injinan jirgi yana tashi, mutum 35 suka rasu. A ƙarshen 2024 kuma, a Muan ta Koriya ta Kudu, mutum 179 suka mutu, kuma masu bincike sun samu gashin agwagin ruwa da jininsu a injinan jirgin duka biyu, ko da yake akwai wasu dalilan da suka haɗu suka ƙara munin abin.

Abin da nake so mu gane shi ne, tsuntsu ba ya zuwa filin jirgi haka kawai. Abinci yake bi, da ruwa, da wurin kwana. Shi ya sa hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ba da shawarar a sa ido kan duk abin da ke jan tsuntsaye har tsawon kilomita 13 daga filin jirgi, musamman juji. Ku auna wannan tazara daga filinmu, za ku ga Ƙofar Soro da Babbar Kasuwa da tsofaffin unguwanninmu duk sun faɗa ciki. Ke nan ni da ku muna zaune ne a cikin da'irar.

Ku tsaya kusa da kwata da hantsi ku ɗaga kai. Shirwa ce ke kewayawa a sama, tana jiran a watsar da tumbi da guntun hanji ta kawo sura. Ku dubi jujin bakin unguwa, inda ake juye ragowar tuwo da kayan cikin kaji: hankaki a sama, balbela a ƙasa tana bin awaki. Da ruwan farko ya sauka shamuwa ta iso, gina ta fito da yamma, fara ta cika ciyawa, kududdufai su cika. Da kaka kuma ga gero da dawa sun nuna a gonakin da ke kewaye, ƙananan tsuntsaye na sauka garke-garke. Tsuntsu bai san katangar hukumar kula da filayen jiragen sama, FAAN, ba. Ya ƙoshi a jujinmu, ya tashi ya ratsa hanyar jirgi.

Ma'aikatan filin jirgi suna da nasu aikin, kuma dole su yi shi kullum: sintiri a kan titin jirgi kafin tashi da sauka, harba abin ƙara don korar tsuntsaye, toshe wuraren da ruwa ke kwanciya, kula da tsawon ciyawa, da rubuta duk wani karo komai ƙanƙantarsa, don a san wane tsuntsu ne, a wane wata, da wane lokaci. Katanga ma ba abin wasa ba ce. A 2005 jirgin Air France ya afka wa shanu a kan titin jirgi a Fatakwal. Amma ƙara kaɗai ba ta magani, domin tsuntsu yana sabawa da ita. Muddin abincin na nan, ka kore shi da safe, da la'asar ya dawo.

Kuma don Allah kada wani ya ce a bi su da guba. Ungulu ta riga ta yi ƙaranci, mu da muka taso muna ganinta jere a kan rufin mahauta shaida ne, yau sai ka daɗe ba ka ga ko ɗaya ba. Guba ba ta zaɓe, za ta kashe wanda ake nufi da wanda ba a nufa, ta shiga ruwan da dabbobinmu ke sha. Halittun Allah ne, neman abinci suke, mu ne muka baza musu shi a inda bai dace ba.

Aikin da ya rage namu ne. Hukumar tsaftar muhalli ta riƙa kwashe shara a kan kari, a rufe ta da ƙasa a inda aka ware. Sarkin fawa da mahauta su samu ramin binne ƙazantar yanka, a daina watsarwa a fili. Hukumar tsara birane ta duba da kyau kafin ta ba da izinin gidan kaji, ko kwata, ko tafkin kifi a kusa da filin jirgi. Masu kiwon tantabara da ke maƙwabtaka da wurin a zauna da su cikin mutunci a yi musu bayani, yawancinsu ba wanda ya taɓa faɗa musu. Masu unguwanni da limamai, ranku ya daɗe, maganarku ta fi ta kowace takarda shiga kunnen jama'a.

Ina roƙon shugabannin filin jirgin da gwamnatin jiha da masarauta su zauna kan teburi ɗaya kafin jigilar alhazai mai zuwa, su zaga da ƙafarsu su ƙirga juji da kududdufan da ke kusa da hanyar tashi da saukar jirgi, su fara da waɗanda suka fi kusa.