Rubutu kafin kwanciya ba fama miki ba ne

Wani maƙwabcina mai sayar da atamfa a kasuwar Wunti, nan Bauchi, ya ce shi kam ba ya ɗaukar biro da dare. Wai rubuta abin da ke ran mutum kafin kwanciya fama miki ne, barcin ma sai ya ƙaurace. Da yawa haka suka ɗauka.

Sau da dama abin da ke sa mutum juyi a shimfiɗa ayyukan da ba a gama ba ne: kuɗin makarantar yara, bashin da za a karɓo, kayan da ake jira daga Kano. Zuciya na ta bitarsu don gudun mantuwa. Idan suka hau takarda, sai ta sassauta.

A 2018 aka wallafa wani bincike na Jami'ar Baylor ta Amurka a kan matasa 57. Wasu suka yi minti 5 suna rubuta ayyukan da ke gabansu, sauran suka rubuta waɗanda suka riga suka kammala. 'Yan kashin farko sun riga sauran barci da kusan minti 9, kuma wanda ya fi fayyace jerinsa ya fi saurin barci.

Maƙwabcin nawa yana da 'yar gaskiya, in mutum zai zauna tono tsohon ɓacin rai. Jerin gobe ake so, bayan Isha'i, a takarda, domin waya WhatsApp za ta kai ka. "Kiran direba ƙarfe 8" ya fi "maganar kaya" amfani.