Kafin ka tura saƙon "masana sun ce 2047"

'Yan uwa na Garwa da Marwa, wannan shekarar ta 2047 da ake yaɗawa, wai lokacin ne ƙirƙirarriyar basira za ta fi ɗan Adam a kowane aiki, tana da asali, amma an yanke mata kai da ƙafa.

Wata ƙungiyar bincike mai suna AI Impacts ce ta tambayi masu bincike kan ƙirƙirarriyar basira a 2023, mutum 2,778 suka amsa. Da aka haɗa amsoshinsu, sai aka samu yiwuwar kashi 50 cikin ɗari nan da 2047. Rabi da rabi ke nan. A binciken 2022 lissafin 2060 ya nuna, cikin shekara ɗaya ya matso da shekara 13.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake tambayar. A binciken 2023 ɗin dai, da aka tambayi yaushe na'ura za ta iya karɓe dukkan sana'o'i, sai amsa ta koma 2116. Tazarar shekara 69 tsakanin tambayoyi biyu masu kusan ma'ana ɗaya! A binciken 2016 kuma, kan yaushe na'ura za ta fi ɗan Adam a kowane aiki, masanan Asiya sun ce shekara 30, na Arewacin Amurka suka ce 74. Kuma kusan kashi 15 cikin ɗari na waɗanda aka aika wa tambayar 2023 ne kawai suka amsa. Wa ya san ra'ayin sauran?

Manomin auduga a kwarin Binuwai, in ya yi hasashen damina, kafin Oktoba ya ga gaskiyarsa ko kuskurensa, ya gyara baɗi. Masanin kwamfuta ba ya samun wannan gyaran, domin abin bai taɓa faruwa ba. Iya ƙera na'ura daban, iya hasashe daban. Herbert Simon, ɗaya daga cikin magabatan fannin, ya ce a 1965 cikin shekara 20 na'ura za ta iya duk aikin da mutum ke yi. Geoffrey Hinton, wani babban masanin fannin, ya ce a 2016 a daina horar da likitocin duba hoton asibiti, ga su har yau ana neman su. Wani lokacin kuma saurin ne ke ba su mamaki, kamar yadda manhajar AlphaGo ta doke Lee Sedol, gwanin wasan dara na Go, a 2016.

Ban ce a yi watsi da masana ba, matsowar da shekarun ke yi abin lura ne ƙwarai. Amma ƙanena da ke Jami'ar Ngaundere, kada ka bar karatu saboda lamba guda. In an kawo maka shekara, nemi ainihin tambayar da aka yi, mutum nawa suka amsa, da nisan da ke tsakanin amsoshinsu.