Samari, Ku Daina Kiran Gwamnati Ta Yi Muku Faɗan Aƙida

Jiya da daddare a teburin mai shayin unguwarmu na tarar da wasu samari sun yi cincirindo a kan waya ɗaya, suna kallon bidiyon yadda jami'an tsaro suka tarwatsa muzaharar 'yan Shi'a, suna ta shewa. Ɗayansu har da cewa da shi ne gwamna, duk wani ɗan bidi'a sai ya sa an kwashe shi. Yaron nan fa na san shi, rabonsa da sallar Asuba a jam'i tun azumi, kuɗin cacar ƙwallo kuwa ba ya yanke masa. Amma shi ne mai yanke wa mutane hukuncin kisa.

Ƙannena, wannan ɗabi'a tana ƙona min rai. Da zarar kun ji mutum ya saɓa wa malaminku, sai ku hau Facebook kuna "gwamnati ta kama shi, a rufe masallacinsu, a haramta su." Ni ba ɗan Shi'a ba ne, kuma saɓanina da su ba ƙarami ba ne. Amma a Disambar 2015 a Zariya rayuka aka kashe. Gwamnatin Kaduna da bakinta ta shaida wa kwamitin bincike cewa gawa 347 aka binne a rami ɗaya a Mando. Akwai mata, akwai yara. Wasunku murna suka yi. A Oktobar 2016, bayan jihar ta haramta ƙungiyar 'yan Shi'ar, samari ne irinku suka ɗauki gora da fetur suka far wa gidaje da makarantunsu. Haba! Wane malami ne ya karantar da ku haka?

Kotu ta ce a saki jagoransu Zakzaky a ƙarshen 2016, aka yi kunnen uwar shegu, ya zauna a tsare har 2021 da kotun Kaduna ta sallame shi. Ku da kuka tafa lokacin da aka taka umarnin kotu, ran da aka ɗauke naku malamin wace kotu za ku je? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba na cewa gwamnati ta naɗe hannu ga wanda ya ɗauki makami. Maitatsine ya jawo mutuwar mutum sama da 4,000 a Kano a Disambar 1980, dole aka yi maganinsa. Amma ku dubi 2009, da aka kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Mutane da yawa sun ce an huta. An huta ɗin? Ku tambayi mutanen Borno.

Abin da ba ku gane ba shi ne, ɗan siyasa ba Tauhidi yake karewa ba, kujerarsa yake karewa. Yau ya dubi inda ƙuri'a take ya ce wancan ne ɓatacce, gobe iska ta juya. Halifa Ma'amun a shekara ta 218 bayan Hijira ya fara tilasta wa malamai fahimtar Mu'utazilawa da ƙarfin hukuma, a zamanin Mu'utasim aka ɗaure Imamu Ahmad ɗan Hambali, aka yi masa bulala saboda ya ƙi cewa Alƙur'ani halitta ne. A idon fada, shi ne ɗan bidi'ar lokacin. Kuma ga shi a 2025 gwamnatin Neja ta ce mai wa'azi sai da lasisi, bakin da ya saba kiran a rufe wa wasu baki shi ya fara ihun an tauye addini. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Ku koma makaranta, ku nemi sani, ku rage zafin kai. In mutum ya ɓata, hujja ake kai masa.

Da ba haka muke ba wallahi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da duk ƙarfinsa wajen yaƙar bidi'a, ya sha rubutu yana kwaɓar ɗaliban da ke kafirta talakawa don sun kasa amsa tambayoyin ilimin Tauhidi. Iyayenmu sun yi rigimar ƙabalu da sadalu mai zafi, sun yi ta Izala da ɗariƙa, amma dattijo kan tsawata wa yaro in ya yi dariyar gawa, ko ta waye. Almajiri sai ya shekara da shekaru yana jan Ahalari da Ishmawi kafin a bar shi ya buɗe baki a majalisa. Yanzu yaro ya kalli guntun wa'azi na minti biyu a TikTok, bai iya farillan alwala ba, ya fito yana raba wuta da aljanna, manya suna zaune suna kallonsa, wasu ma su ke saya masa data.