Ganye ba ya zama maganin daji sai ya bi ta ɗakin gwaji

Duk lokacin da aka ce wa mai tallar maganin gargajiya ya kawo hujjar cewa garinsa na warkar da ciwon daji, amsarsa ɗaya ce: ai su ma Turawa daga itace suke haɗa nasu. Wannan gaskiya ne, amma rabin zancen ke nan.

A shekarar 1958 Robert Noble da Charles Beer na jami'ar Western Ontario da ke Kanada suka fitar da sinadarin binbilastin daga wata fulawa 'yar asalin Madagaska. Maganin ciwon suga suka tafi nema, domin a Jamaika ana shan ganyenta saboda shi. Da suka yi wa ɓeraye allurar ruwan ganyen, suga bai sauka ba, sai fararen ƙwayoyin jini suka zube. Daga nan aka gane akwai abin da ke hana ƙwayar halitta rabuwa, ciwon daji kuwa da rabuwar ƙwayoyi yake yaɗuwa. Ɗan'uwansa binkiristin ya samu amincewar hukuma a Amurka a 1963, kuma har yau yana cikin magungunan sankarar jinin yara da ta Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashenmu.

Yadda suke aiki abin sha'awa ne. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, sai ta miƙa wasu siraran zaruruwa da ke jan kayan gadon halitta zuwa ɓangarori biyu, kamar zaren da masaƙi ke ja. Binkiristin yana hana zaren haɗuwa. Taxol kuwa, wani maganin daji da aka samo daga ɓawon itace, wanda Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana tsarinsa a 1971, akasin haka yake yi: yana daskarar da zaren ya kasa warwarewa, kamar yadda Susan Horwitz ta nuna a 1979. An ɓare ɓawon itacen da ya fito ciki a 1962, amma sai 1992 aka yarda a ba mata masu sankarar ƙwan mahaifa. Shekara talatin cur.

Me ya ci wannan lokaci? Tacewa da awo. Sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a samu giram ɗaya na binbilastin, saboda haka wanda ya dafa fulawar a tukunya bai sha magani ba. Tataccen ma dafi ne in aka kuskure: binkiristin na kashe jijiyoyin hannu da ƙafa, kuma in aka yi allurarsa a lakar ƙashin baya maimakon jijiyar jini, kusan kullum ajali ne.

Ba kuma kowane itace ke kai labari ba. Tun shekarun 1980 aka samo wani sinadari mai suna kombiretastatin daga wani itacen Afirka ta Kudu, dangin gezarmu. A kwalbar gwaji yana ruguza zaren nan sosai, amma har yanzu bai zama maganin da likita ke rubutawa ba.

Ni ban ce a raina ilimin masu sassaƙe ba. Daga bakin irinsu aka fara jin labarin fulawar nan. Abin da nake nema shi ne gwamnati ta ba cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja da sassan harhaɗa magunguna na jami'o'inmu kuɗi da kayan aikin gwada abin da ake iƙirari, hukumar NAFDAC kuma ta hana tallar warkar da daji a lasifika da rediyo. Mace mai ƙari a nono da ta shafe wata shida tana shan jiƙo, lokacin da za ta isa asibiti sau da yawa cutar ta riga ta bazu.